Hutun da Aka Ɗora wa Baiwa ta Gulma

Har yau in na ji ana yabon wani cewa ya hutar da uwarsa, sai in tambaya ko ita ta ce ta gaji. Mutane su yi ta kallona kamar na zagi wani babba. To, ni na ga abin da hutu ya yi wa tawa uwar, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu, saboda haka ba mai hana ni magana.

Sunanta Baiwa, mutuniyar Gulma ta ƙasar Argungu. Ni ce Luba, autarta. Mu bakwai ta haifa, huɗu suka rayu, babbanmu shi ne Yaya Sama'ila. Ɗan farinta ne, ita kuwa Inna ba ta wasa da kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. In ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice. In tana son ya ji wata magana, ɗayanmu take gaya wa, ko da kuwa yana tsaye a wurin: "Ku ce ma wancan kaza." Ba ƙiyayya ba ce. Na sha kama ta tana leƙen bayansa ta kafar zana har ya sha kwana.

Babanmu Labbo manomin shinkafa ne, mai kulle na gaske. Kusan shekara talatin duniyar Inna ba ta wuce daga bakin zaure zuwa madafa ba. Fadamar da muke ci daga gare ta, wadda ana hango ta daga bayan gari, labarinta kawai take ji. Amma a wurinmu akwai wata ƙofa da ake buɗe wa mace: in jini ya ɗauke mata, ta shiga sahun tsofaffi, ba mai tambayar ta ina za ta. Wasu matan kuka suke yi in wannan lokaci ya zo. Inna gammo ta nema.

Ba da sauƙi abin ya zo mata ba. Tana ɗan shekara arba'in da bakwai ke nan, zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa mata riga ko da sanyin safiya, zuciyarta ta yi ta bugawa ba dalili. Ciki ya fara turowa gaba. An ba ta rubutu, an ba ta saiwa, ba abin da ya canja. Sai ƙawarta Tamba, wadda ta girme ta da shekara biyar ko shida, ta zo ta dube ta ta ce maganinta yana fadama. Tamba ce ke jan garken tsofaffin da ke bin masussuka suna shiƙa. Maza su buge shinkafa, mata su cika ƙwarya, su ɗaga ta sama da kai, su riƙa zubowa a hankali iska tana kwashe ƙaiƙayi. Da yamma mai gona ya auna musu rabonsu, su ɗauko a ka su dawo gari. Wannan shinkafar za su turara, su shanya, su surfa, su kai kasuwa.

A kakar farko, Inna ta zama abin dariyar garken. Kafin a kai masussuka ta tsaya hutawa sau uku tana haki, Tamba tana tsokanar ta wai amaryar Labbo ta fito ganin gari. Kaka ta biyu ba ta tsaya ba. Ta uku kuwa ita ke gaba, sauran suna roƙon ta ta rage sauri. A wannan tsakanin Babanmu ya rasu, ta yi takaba, ta koma bakin aikinta. In kaka ta wuce sai dashe, sai cirar albasa, sai bin kasuwanni, wani lokaci har Argungu, a shiga jirgin fito a ƙetare a ci gaba da tafiya. Zafin nan da gumin nan ta neme su ta rasa.

Ina so ku gan ta yadda na gan ta a shekarun nan. Ba siririya ba ce, amma naman jikinta a ɗaure yake. Cikin ya koma inda ya fito. In ta ɗaga ƙwarya sai ka ga damtsenta ya tashi kamar na masunta. Rana ta sa ta yi baƙi, dugaduganta sun yi kaushi. Na taɓa raka ta kasuwa ina 'yar shekara goma sha tara, ita da kwando cike da shinkafa, ni da 'yar ƙullin kuka da daddawa. Tun daga gida har muka isa tana ba ni labarin yadda aka yi bikin ƙanwarta, muryarta ba ta sarƙe ko sau ɗaya ba, ni kuwa ko "to" na kasa amsawa don haki. Ta juyo ta dube ni ta ce wai yaran yanzu da ruwan koko aka kwaɓa su.

Shekara tara ta yi a haka. Ban taɓa ganin ta cikin walwala irin ta wannan lokaci ba.

Yaya Sama'ila kuwa ya yi boko, ya samu aiki a ofishin gona a Birnin Kebbi. A lokacin Birnin Kebbi ba ta zama babban birnin jiha ba, kowace takarda sai ta je Sakkwato ta dawo, ma'aikaci mai ɗan muƙami kuwa kowa ya san shi ya san gidansu. A kakar 1981 manyansa suka zo daga Sakkwato duba noman fadama, aka zaga da su cikin motar ofis, aka biyo ta wajen Gulma. Suka tsaya a wata masussuka. Ɗaya daga cikin baƙin ya nuna wata tsohuwa mai shiƙa, ƙaiƙayi har cikin gashin idonta, ya girgiza kai ya ce Allah sarki, ita wannan ba ta da 'ya'ya ne? Inna ce. Ta ga ɗanta, ta kau da kai yadda ta saba. Shi kuma bai nuna cewa uwarsa ce ba. Da bakinsa ya ba ni wannan labari, idonsa jawur, ya ce bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Kunyarsa ita ce ciwon. To amma da za a tashi yin magani, sai aka kama Inna aka ɗura mata.

Juma'ar da ta biyo ya zo Gulma ya tara dattawan gidanmu, ya ce ya zo ɗaukar mahaifiyarsa, wahala ta ƙare. Dattawa suka yi ta sa masa albarka. Ba wanda ya ga dalilin a tambaye ta, don ina uwar da za ta ƙi hutu? Ni lokacin ina aure a Birnin Kebbi, tare da shi muka zo. Inna ta ja ni cikin ɗaki ta ce da ni:

"Ki ce ma wancan lahiyata lau. Ban ce ma kowa na gaji ba. Shi bar ni inda ni ke."

Na fito na tarar da shi tsugune a tsakar gida, dattawa kewaye da shi. Na ce, "Yaya, Inna ta ce ta gode, Allah shi yi albarka."

Abin da na yi ke nan. Na gaya wa kaina wai kunya ce ta sa ta ja baya, irin ta tsofaffi da sai an lallashe su. Gaskiyar magana ita ce ina son uwata kusa da ni. Tana jin abin da na faɗa daga cikin ɗaki. Ba ta iya fitowa ta ƙaryata ni ba, don ƙaryata ni yana nufin ta tsaya gaban ɗan farinta ta yi jayayya da shi a bainar jama'a. Ta ɗaure kayanta, ta ba Tamba ajiyar ƙwaryarta ta shiƙa.

Ba zan yi wa Yaya ƙarya ba, ya yi abin da ake kira gata. Ɗaki mai siminti da fanka, katifa mai taushi, famfo a tsakar gida. Ya ja wa matarsa Adama kunne cewa in ya ji Inna ta ɗaga ko tsinke, ita zai tuhuma. Adama baiwar Allah ce mai tsoron miji, ta bi umarni sau da ƙafa. Da safe shayi mai kauri da madara da burodi. Da hantsi fura da nono. Da rana shinkafa tana ninƙaya cikin mai, da yamma tuwo da man shanu da nama, ga lemon kwalba a gefe. Inna ta ɗauki tsintsiya, a karɓe. Ta nufi famfo da bokiti, a riga ta. Ta tambayi ina turmi, aka ce mata a nan inji ake kai wa. Rannan na same ta ta zubar da gero a tabarma da gangan tana tsincewa ɗaya-ɗaya, don kawai hannunta ya samu abin yi.

Sai ta gano wata dabara. In an idar da sallar asuba gari ya waye, sai ta fice ta bi hanya har bakin tudu inda ake hango fadama, ta gangara ta hauro, ta dawo kafin a gama shayi. Ta yi kamar wata biyu tana haka, fuskarta har ta fara washewa. Sai wani mai neman suna ya je ofis ya gaya wa Yaya wai an ga tsohuwarsa tana yawo a ƙasa kamar marar galihu. Daga ranar aka kafa doka: duk inda Inna za ta, a jira shi ya dawo ya kai ta da mota. Biki, suna, ta'aziyya, ko gida na uku ne daga nasu, sai mota. Matar da ta jira shekara talatin kafin a buɗe mata ƙofa, ga shi an sake rufewa, wannan karon kuma ana sa ran ta yi godiya.

Jiki kuwa ba ya ƙarya. Cikin shekara guda zannuwanta suka daina zagaye ta. Wuya ya yi kauri, kumatu suka cika, fata ta yi haske ta yi sheƙi. Mata su zo gaisuwa su yi ta tafa hannu, wai tubarkalla Baiwa ta murje, haihuwa mai rana. Kowa ya fita sai ya biya ya yaba wa Yaya, shi kuma ya yi ta murmushi yana sunkuyar da kai. Kallon kitse ake yi wa rogo. Ni da nake taya ta wanka daga baya na san abin da ke ƙarƙashin zanen: tumbi ya yi gaba, amma damtsen nan ya saki yana reto, cinyoyi sun yi laushi, ƙafafu sun sirance daga gwiwa zuwa ƙasa. Nauyi ya ƙaru, abin da zai ɗauki nauyin ya tafi.

Ba ta yi shiru ba, kada a ce ba ta faɗa ba. Sau nawa tana aike na. "Ki ce ma wancan zama wuri guda tsautsayi, in ji kihi." Na je na faɗa masa ina dariya, kamar wani abin raha na tsofaffi, shi ma ya yi dariya, washegari ya sayo mata rediyo. Ta ce in ce masa ƙafafunta suna mutuwa, ya sayo man zafi. Ta ce in ce masa tana marmarin Gulma, ya kai ta da mota ta wuni zaune a ɗaki ana zuwa kallon ta, ya dawo da ita kafin magariba. Kowane saƙo na rage masa kaifi kafin in isar, shi kuma ya amsa da abin da ake sayowa a kanti.

A shekara ta uku ta fara sallah a zaune. In ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Daga ɗakinta zuwa bayi sai ka ji numfashinta daga zaure. Muka kai ta asibiti, muka samu wata sista 'yar Zuru, dattijuwa, marar son dogon zance. Ta ɗora Inna a sikeli, ta auna ƙugunta da awo irin na tela, ta auna jininta ta ce ya hau. Sannan ta sa ta tafiya daga wannan ƙarshen baranda zuwa wancan ta dawo, ta kama wuyan hannunta tana duban agogo. Ta tambayi aikin da take yi a da. Da na gaya mata, sai ta ajiye biro ta dube ni kamar ni ce na ƙirƙiro wauta. Ta ce mace in jini ya ɗauke mata, tsoka takan fara zubewa, kitse ya riƙa taruwa a ciki, kuma abin da ke riƙe jikin shi ne motsi. Ta ce a rage mata maiƙo da zaƙi, a bar ta ta riƙa tafiya kullum, kaɗan-kaɗan tana ƙarawa, a bar ta ta yi shara ta yi wanki. Ta ce sikeli kaɗai ba ya gaya maka lafiyar tsohuwa, ka dubi yadda take numfashi in ta yi tafiya.

Wannan saƙon kam na kai shi cikakke, don ba na Inna ba ne, ban ji nauyin faɗa ba. Yaya ya saurara har na gama, ya ce wato matar da ta sha wahala shekara hamsin, yanzu da Allah ya hore masa, a ce ya mayar da ita shara? Me mutane za su ce? Ya karɓi ƙwayoyin hawan jini, ya ƙara da kwalaben maganin ƙarin jini, batun tafiya kuwa ya ce ai tsakar gida tana da faɗi. Mutumin da aikinsa ke nan ya koya wa manoma cewa sa in ya daɗe a ɗaure ba ya jan garma. Wallahi in na tuna wannan rana har yanzu raina ɓaci yake yi.

A kakar shekara ta huɗu Tamba ta zo Birnin Kebbi. Daga tasha ta tako da ƙafa, da ƙullin sabuwar shinkafa a ka, ta shigo da sallama tana ƙwala kiran Baiwa. Ta kusa shekara sittin da biyar a lokacin, busasshiya, haƙora uku a baki, amma ta sauke kayan da kanta ba ta nemi a kama mata ba. Ina gidan. Ta ɗaga labule ta ga ƙawarta tana ƙoƙarin tashi ta tare ta, ta kasa sai da na ba ta hannu. Tamba ta ƙare mata kallo. Ita kaɗai ce cikin duk masu zuwa ba ta ce tubarkalla ba.

"Baiwa, wa yay yi miki hakanga?" in ji ta. "Ke da kib bar mu baya kullum?"

Suka wuni tare, Tamba tana ba ta labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure, da yadda shinkafa ta yi kyau bana. Da za ta tafi ta ce ƙwaryar tana nan rataye, ba ta bari kowa ya taɓa ba.

Na kwana a gidan. Da safe Yaya ya fito zai tafi ofis, ya tsaya daga bakin ƙofarta ya gaishe ta kamar kullum, ya juya. Sai muka ji muryarta daga ciki.

"Sama'ila."

Adama tana wanke kwanoni, kwanon ya suɓuce mata. Yaya ya tsaya cak, makullin mota a hannu. Shekararsa arba'in da wani abu, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ta fito tana dafa ƙyaure, ta dube shi ido cikin ido, abin da shi ma bai taɓa gani ba.

"Ban ce na gaji ba ranar da kaz zo ɗaukata. Ka mai da ni hwadama."

Ya dube ni. Na sunkuyar da kai, ya gane ni ce na canja saƙonta a ranar. Ya ce, "To, Inna."

Ran Asabar ya ɗauke mu mu biyu. A hanya sai magana take yi, tana nuna gonaki tana faɗin masu su, har da dariya. Mota ta tsaya inda hanya ta ƙare. Daga nan ana hango masussukar, ana jin bugun sanduna, tafiyar da a da ba ta ma lissafa ta a tafiya. Yaya ya miƙa hannu zai kama ta, ta ƙi. Ta taka kunya ta farko, ta biyu, ta tsaya. Ta ƙara kaɗan, ta tsaya ta dafa gwiwa, ƙirjinta yana kuka. Sau huɗu tana tsayawa.

Tsofaffin suka hango ta suka yi guɗa. Tamba ta kwance ƙwaryar daga cikin zane, ashe kullum da ita take zuwa tun da ta dawo daga Birnin Kebbi. Ta cika ta da shinkafa ta miƙa mata. Iska tana kaɗawa daidai yadda masu shiƙa ke so. Inna ta gyara tsayuwa, ta juya wa iskar gefe, ƙafafunta ba su manta ba. Ta ɗaga ƙwaryar zuwa ƙirji. Ta kai ta kafaɗa. Hannuwan suka kama rawa, ƙwaryar ta karkata, shinkafa da ƙaiƙayi suka zube tare a kan ƙafafunta. Tamba ta sake cikawa, rabi kawai wannan karon. Ta kai kafaɗa, ta ƙi wucewa. Inna ta sauke ta a hankali, ta zauna a kan tarin bambaro, gumi yana zuba, leɓenta ya yi fari. Guɗa ta mutu. Matan suka koma aikinsu don kada su tsaya kallon ta.

Ana cikin haka mai gonar ya iso, wani dattijo abokin Babanmu. Bai ga abin da ya faru ba. Ya ga Inna zaune da leshi, jiki ya cika, ga mota can tana ƙyalli. Ya kama hannun Yaya da hannu biyu yana girgizawa.

"Ɗan Labbo, Allah shi yi ma albarka. Dubi yadda kam mai da tsohuwa, sai ka ce matas sarki. Haka ɗiyan kirki ka yi."

Yaya bai ce amin ba. Hawaye ne ke bin gemunsa, dattijon kuwa ya ɗauka na jin daɗi ne, ya ci gaba da zuba addu'a.

Shekara ɗaya da 'yan watanni ta ƙara a duniya bayan wannan rana, ba ta sake neman a kai ta ko'ina ba. Tamba kuwa har aka ba mu jiharmu tana shiƙa. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ba sai an tuna mini ba. Amma shekarun da aka zaunar da ita ba ajali ne ya zaunar da ita ba, mu ne.

A ranar dai, da numfashinta ya ɗan daidaita, ta miƙa wa Tamba ƙwaryar ta ce ta ba wa mai bukata. Sannan ta yafuto ni. Yaya yana tsaye taku biyu daga gare ta, amma ta kau da kai daga wajensa kamar yadda ta yi shekara arba'in, ta yi magana da ni.

"Ki ce ma wancan mu tahi. Na gaji."

Wannan karon na isar da saƙon yadda aka ba ni shi.